Fim ɗin Paul Robeson na 1933: a nuna shi yadda yake, a ajiye almakashi

A 1933 aka fitar da The Emperor Jones a Amurka, fim mai hoto baƙi da fari da Dudley Murphy ya ba da umarni, wanda aka ciro daga wasan dandamali da Eugene O'Neill ya rubuta a 1920. Paul Robeson ne jarumin, a zamanin da baƙar fata ba ya samun fitowa sai a matsayin bara ko ɗan ban dariya.

Labarin Brutus Jones ne, ma'aikacin jirgin ƙasa da ya kashe mutum a wurin caca, ya tsere daga ɗauri, ya faɗa wani tsibiri a yankin Karibiyan, ya naɗa kansa sarki. Ya ruɗi talakawa cewa harsashin azurfa kaɗai ke iya kashe shi. Da zaluncinsa ya ishe su, sai suka ƙera masa shi.

Fim ɗin cike yake da kalmar nan ta ƙasƙanci da ake jifan baƙaƙen fata da ita, abin da ya sa wasu jaridunsu suka yi tir da shi tun a lokacin. Aka yi ta yanke shi, har sai da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya tattaro guntaye ya haɗa shi a 2002.

Masu cewa a binne shi suna da hujja, domin zagin yana da ciwo. Amma yankewar ba ta goge abin da ya faru, shaidar kawai take ɓoyewa. A wannan fim ne aka sa Fredi Washington ta shafa abin da zai ƙara mata duhun fata, don kada 'yan kallo su ɗauka Robeson na soyayya da Baturiya. Wanda aka miƙa wa tsabtataccen kwafi, ina zai gane irin ƙangin da jarumin ya yi aiki a ciki? A nuna shi cikakke, tare da bayani.

Robeson kansa ya ɗanɗani almakashi. A 1935 ya fito a Sanders of the River, labarin Najeriya ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka, yana zaton za a mutunta Afirka. Da aka gama yanka da haɗawa, sai ya tarar an mayar da fim ɗin kirarin daular Birtaniya. Ya fito fili ya nesanta kansa da shi.