A Daina Fakewa Da Ƙaddara Wajen Ɓarnar Kuɗin Ƙungiya



Akwai kalma ɗaya da ta zama garkuwar shugabannin ƙungiyoyinmu, daga Mile 12 zuwa Sabon Ibadan, daga Anacha zuwa Fatakwal: "ƙaddara ce." Kuɗin asusu ya narke, ƙaddara ce. Filin da aka saya ya fito da masu shi uku, ƙaddara ce. Motar ƙungiya ta kwanta a gareji, ƙaddara ce. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita bargon rufe sakacin kwamiti.

Gaskiya ne, gobe ta Allah ce. Wanda ya ɗoro albasa daga Aliero bai san farashin da zai tarar a Legas ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. To rashin sanin gobe ai shi ya wajabta a yi wa shawara kyakkyawan zama. Mu kuwa cututtuka uku ne ke yanke mana shawara.

Ta farko ita ce "ai mun riga mun zuba kuɗi." Ƙungiya ta sayi mota don haya, kowane wata sai ta ci kuɗin gyara fiye da abin da ta kawo. Wani ya ce a sayar, sai a taso masa: "Bayan duk abin da muka kashe?" Jama'a, abin da aka kashe ya tafi, ko an sayar ko an riƙe. Tambaya ɗaya ce ta rage: da yau ne za mu fara, za mu sayi wannan motar? Manya ma sun faɗa wannan ramin. Ingila da Faransa sun yi ta zuba kuɗi a jirgin Concorde bayan ta bayyana ba zai mayar da jarinsa ba. Ya fara jigila a 1976, aka ajiye shi a 2003, har masana suna kiran wannan cuta da sunansa. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara a zuciyar mutum ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita. Shi ya sa kwamiti ya gwammace ya ƙara asara a ɓoye da ya amsa ta a fili.

Ta biyu ita ce amshin shata. Alhaji zai buɗe taro da nasa ra'ayin, sannan ya ce "ko akwai mai magana?" Wa zai yi? Wanda ke cin bashi a rumfarsa? Ko wanda ya yi wa hanyar masauki? Sai a yi tsit, sakatare ya rubuta "an amince baki ɗaya." Da an fito sai gunaguni a gindin mai shayi. Wannan sanarwa ce aka yi wa rawanin shawara. A shekara ta 5 bayan hijira, da rundunoni suka nufo Madina, dabarar haƙa gwalalo daga Salmanul Farisi ta fito, baƙo daga wata ƙasa, kuma Manzon Allah (SAW) ya karɓa. Wane shugaban ƙungiya ne ya fi ƙarfin jin ta bakin ƙaramin mamba?

Ta uku ita ce jin abin da rai ke so kawai. Gwamnatin Legas ta taƙaita hanyoyin acaba tun 2012, ta hana a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta sake tsaurarawa ranar 1 ga Yunin 2022. Gargaɗi uku ke nan. Wanda ya ci gaba da zuba kuɗin jama'a a babura yana cewa "za su manta," shi ya toshe kunnensa. Haka aka yi da MMM kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Wanda ya ci riba shi ke yawo da labari, wanda ya ƙone yana ɗaki ya ja ƙofa, sai a ɗauka kowa ci yake yi.

Na san za a ce wannan raina manya ne, kuma yawan muhawara na sa dama ta wuce. Girmama babba daban, sallama masa asusu ba tambaya daban. Kuɗin nan gumin mai tura baro ne, da mai gyaran takalmi, da mai gadi da ke kwana a tsaye. Ranar da aka tsare ɗan uwa ana neman lauya, ko wani ya kwanta a asibiti, asusun nan za a duba. Damar da ba za ta jira mako guda a bincika takardu ba kuwa, galibi tarko ce.

Ga abin da ya kamata mu nema a taro mai zuwa. Ƙanana su fara magana, shugaba ya zo ƙarshe. Duk shawarar kuɗi mai nauyi, a yi ƙuri'a a takarda ba suna. A naɗa mutum ɗaya aikinsa ya kawo dalilan da za su sa abin ya rushe, kada kuma a riƙe shi a zuci. Kafin a fitar da ko kwabo, a rubuta iyaka: idan asara ta kai kaza, ko wata kaza ya wuce ba riba, mun janye. Kada a zuba asusu gaba ɗaya a harka ɗaya. Sakatare ya rubuta dalilan da aka dogara da su, domin in an yi shekara a auna shugaba da yadda ya yi bincike, don sa'a kan ɗaga mai ganganci ta kuma kayar da mai lura.

In an yi duk wannan abu ya ƙi, sai mu ce ƙaddara ce da bakinmu a buɗe, mu rungumi juna. Kafin nan, a ɗaure raƙumi tukuna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya tsare mana guminmu.