ADASHIN KARATU

'Yan'uwa talakawa, ku mazauna rumfunan kasuwa kun san adashi: kowa ya zuba, kwasa ta zagayo kan kowa. To, irinsa 'ya'yanmu ke yi a jami'o'in Nijeriya. Da almuru sai su taru goma-goma, a masallaci ko gindin bishiya, wanda ya gane lissafi ya koya wa sauran, gobe wani ya rama masa da Turanci.

Mun yaba musu, amma kada mahukunta su zaci yabon nasu ne. Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki. Malami guda, ɗalibai ɗaruruwa, na baya ko muryarsa ba sa ji. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata 9, a 2022 wata 8, suna neman gwamnatin tarayya ta cika alkawarin da ta sa wa hannu tun 2009.

Da ribar gyaɗa da goro muke biyan kuɗin makaranta. Saboda haka lalle a ɗauki malamai isassu, a biya su hakkinsu. 'Ya'yan manya suna can Ingila suna karatu. Namu fa?