Mai Tafiya Ya San Masauƙinsa

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu sharhin wasannin talabijin, wai marubucin da ya tsara ƙarshen labarinsa tun kafin ya fara ya ɗaure kansa da igiya, gara a bar labari ya bi inda iska ta kaɗa shi. Ni ban yarda ba, 'yan'uwa. Wannan lalaci ne aka naɗa masa rawani.

Ku dubi Babylon 5, wasan ƙagen kimiyya da aka nuna a Amurka daga 1994 zuwa 1998, labarin wata tasha a sararin samaniya inda jakadun halittu iri-iri suke zaman sulhu. J. Michael Straczynski ya tsara shi a kan shekara biyar, kuma cikin kashi 110 shi ya rubuta 92. Tun a 1994 jakada Londo Mollari ya faɗi mafarkinsa, cewa shi da abokin gabarsa G'Kar za su shaƙe juna har lahira. Mai kallo ya ɗauka ƙiyayya ce. Da aka nuna abin a 1996, ashe Londo ne da kansa ya roƙi G'Kar ya kashe shi, don ya kuɓuta daga wata halitta da ta mallake shi. Wanda bai san masauƙinsa ba, ta yaya zai ɗana irin wannan tarko?

Za su ce ai tsari yakan rushe. Gaskiya ne Michael O'Hare, jigon wasan, ya bari bayan shekarar farko. To, me ya faru? Aka kawo Bruce Boxleitner, Sinclair kuwa aka mayar da shi shekara dubu baya, ya zama Valen ɗin da Minbari suke girmamawa. Na yarda shekara ta huɗu an yi ta da gaggawa, don ba a tabbata za a sami ta biyar ba.

Sai ku gwada da Battlestar Galactica, 2004 zuwa 2009. Aka yi ta rubuta mana a farkon wasan cewa Cylon suna da shiri. Muka jira shekara da shekaru. Da zaren ya cukurkuɗe, sai marubutan suka kira mala'iku su kwance musu shi.