Filin Iyaye da Yara: Dodon salula ba ya shan ruwa

Segedin gari ne na dabino da gishiri, can cikin Kawar, arewa da Dirku, bisa hanyar Jado da Libiya. A da, labarin duniya bisa raƙumi yake zuwa, tare da ayarin da ke kawo hatsi ya ɗauki gishiri da dabino. Daga baya manyan motoci suka shigo. Da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, masu wucewa suka ƙaru, kaya suka ƙaru. Yau ga salula, ga allon rana mai cika ta da wuta. Labari ya shiga aljihu.

Abin da ya shiga aljihun babba kuwa, yaro zai leƙa. Bayan magariba sai a tarar da yara biyar ko shida sun haɗa kai bisa salula guda. Suna kallon wani yaro na zane, wani dodo yana biye da shi. Uba ya leƙa, bai gane ba. Wani ya ce aljannu ne. Wani ya ce wasan banza ne. Wannan wata filin nan zai bayyana abin, don uba ya san me ɗansa ke kallo.

Mene ne majigin zane?

Ba aljannu ba ne, zane ne. Mutane ke zana hotuna masu yawa, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa. In aka jera su aka gudanar da sauri, sai ido ya ga kamar suna motsi. Waɗannan na dodanni daga Japan suka fito, wata ƙasa ta tsibirai can gabas, gaba da ƙasar Sin. Za a gwada guda uku: Pokémon, da Digimon, da Monster Rancher. Dukansu labarin yaro ne da dabbarsa. Wato labarin kiwo ne. Don haka makiyayi ya fi kowa iya auna su.

Pokémon: mai tara garke

Wani mutumin Japan, Satoshi Tajiri, shi ya ƙago shi. Lokacin da yake yaro, kamun ƙwari ne wasansa. Da ya girma sai ya mai da wannan wasa cikin na'ura, cikin 1996. Majigin ya biyo baya cikin 1997. Ma'anar sunan ita ce dodannin aljihu.

Yaron labarin ɗan shekara 10 ne. A Japan ana ce masa Satoshi, masu Faransanci suna ce masa Sacha. Yana yawo gari gari, yana kama dodanni cikin wata ƙwallo ja da fari. Da farko dodannin iri 151 ne. Yau sun wuce 1000. Yawancinsu ba sa magana, sai dai su yi ta maimaita sunansu.

Abokinsa shi ne Pikachu, kamar ɓera ruwan ɗorawa, mai fitar da walƙiya. Ranar farko Pikachu ya ƙi jin magana, ya ƙi shiga ƙwallo. Sai da tsuntsaye suka far musu, yaron ya tsaya gabansa ya kare shi da jikinsa, sannan ya yarda da shi. Duk wanda ya taɓa horon sabon raƙumi ya san wannan. Sacha bai zama zakaran duniya ba sai cikin 2022, bayan shekara 25 ana nuna labarin. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Amma akwai abin dubawa. Dodannin faɗa ake haɗa su, kamar karon raguna. Wanda aka kayar ya suma, a kai shi asibiti, nan da nan ya tashi garau. Rago na gaske in ƙahonsa ya karye, ya karye ke nan.

Digimon: mai raƙumi guda

Wannan ya fara da ƙaramin abin wasa na kamfanin Bandai, cikin 1997. Akwai ɗan dodo cikin na'urar, sai an riƙa ba shi abinci. Majigin farko ya fito cikin 1999, kashi 54. Yara bakwai ne suka faɗa wata duniya ta cikin kwamfuta, daga baya yarinya ta takwas ta same su.

A nan ba a tara garke. Kowane yaro dodonsa guda ne, kuma dodon yana magana da shi. In haɗari ya zo, dodon ya girma ya kare yaron, in an gama ya koma ƙarami. Ƙarfinsa yana bin halin mai shi. Wannan yaro jarunta ce tasa, wancan riƙon amana, wani neman sani. Labarin yana taɓa zaman gida ma. Akwai wa da ƙane da iyayensu suka rabu, ɗaya wajen uwa, ɗaya wajen uba. Akwai yaron da ya gano riƙonsa ake yi.

Ga wani kashi da ya kamata kowane makiyayi ya ji. Jagoran yaran, Taichi, ya ƙosa dodonsa Agumon ya girma. Ya yi ta ɗura masa abinci har ya kasa motsi da kyau, ya kuma tura shi faɗa. Dodon ya girma, amma ya zama ƙwarangwal mai ban tsoro, bai san nasa ba, bai san na wani ba. Sai da ya gaji ya koma ƙarami, sannan yaron ya gane laifinsa ne. Garaje ba ƙarfi ba ne. Wanda ya labta wa ɗan taguwa kaya tun bai isa ba, shi ke asara.

Monster Rancher: mai sanin dabba tana mutuwa

Wannan bai kai biyun suna ba, amma ya fi su kusa da kiwo. Ma'anar sunan ma ita ce mai kiwon dodanni. Wasan na'urar ya fito cikin 1997, majigin cikin 1999, kashi 73. Yaron sunansa Genki. Dodannin daga cikin faifan dutse ake tada su, in an kashe su su koma dutse. Cikin wasan na'urar kuwa, dodo yana gajiya. In an matsa masa da aiki ba hutu, ransa ya gajarta. Yana tsufa, yana mutuwa.

To, wanne ya fi?

Pokémon yana koya wa yaro haƙuri da sanin iri, amma yana sa kwaɗayin tarawa. Digimon yana koya masa cewa halin dabba daga hannun mai ita yake. Monster Rancher yana koya masa cewa rai yana da iyaka. In ma'aunin makiyayi za a bi, ba yawan garke ake fara tambaya ba. Ana tambaya ne: ya shayar? Ya ciyar? Ya bar ta ta huta? Da wannan ma'auni, biyun ƙarshe sun fi nauyi.

Abin lura

Duka ukun ƴan kasuwa suka yi su, don a sayi kayan wasa da katuna. Cikin 2001 Saudiyya ta hana wasan Pokémon da katunansa, ɗaya daga dalilan shi ne sun yi kama da caca. Yaro ya nemi dala don musayar kati, uba ya tambaya.

Akwai kuma batun ido da jiki. Ranar 16 ga Disamba 1997 aka nuna wani kashin Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi. An kai mutum 685 asibiti a Japan, yawancinsu yara. Aka tsayar da majigin wata huɗu, aka gyara dokar aikin. Duk da haka, kada yaro ya manna salula ga ido cikin duhu.

Shawarar wata

Duka ba ya raba yaro da abin da yake so, sai dai ya koma ɓoyewa. Abin da ya fi, uba ko uwa su zauna su kalli kashi guda tare da shi. Ko ba su jin yaren, su ce ya ba su labarin da bakinsa. Su tambaye shi wa ya kyauta wa dabbarsa, wa ya cuce ta. A yanka masa lokaci: bayan lakwal, bayan an shayar da awaki, bayan an ba dabino ruwa. Kaka kuma kada ta bar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da ta Dodo, don salula ta zo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaron da ya san sunan dodanni 100 zai iya sanin awakin gidansu ɗaya bayan ɗaya, da wadda ke tari, da wadda ta kusa haihuwa. A nuna masa hanya kawai. Dodon salula in wuta ta ƙare sai ya yi barci har gobe. Akuya kuwa in ba a kai ta rijiya ba, gobe babu nono.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.