Ba a sayen buhu don gyara

 

Tun da muka dawo daga Santambul ni da uwargida, tambaya guda ce ke bina daga ƙofar masallaci har wurin aiki: wai da gaske ne mun kwana biyu a otel na alfarma ba mu biya kuɗin ɗaki ba? Wanda ya fi matsa mini shi ne wani ƙanena ɗan kasuwa, mai zirga-zirga tsakanin Yamai, Lome da Dubai. Ya ce daga yau ya bar sauka a ƙananan masaukai, sai inda ake ba da maki. Maganarsa ce ta sa na ga ya wajaba in shimfiɗa lissafin a fili, tun da ni na jawo zancen, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ga yadda abin yake. Manyan kamfanonin otel na duniya suna da rajista ta masu yawan sauka a wurinsu. Shiga kyauta ne. Duk lokacin da mutum ya kwana ya biya, sai a rubuta masa maki gwargwadon kuɗin da ya kashe, idan makin ya taru sai ya biya ɗaki da shi. Kamfanonin jiragen sama na Amurka ne suka yaɗa wannan dabara, musamman American Airlines a 1981, sa'an nan Holiday Inn da Marriott suka kawo ta harkar otel a 1983. Mu kuwa mun san ta tun kafin nan da wani suna. Idan ka sayi tiya goma ta hatsi wurin mai awo, ya ɗebo tafi guda ya ƙara maka, wannan ita ce gyara. Yana yi ne domin gobe ka wuce rumfar maƙwabcinsa ka dawo tasa. Maki gyara ce da aka rubuta a na'ura.

Domin mu san girman wannan gyara, bari in ɗauki misalin Accor, kamfanin Faransa mai ibis, Novotel, Pullman da Sofitel, saboda lissafinsa ya fi sauƙin bi. A mafi yawan otel-otel ɗinsa, sabon shiga yana samun maki 25 a kan kowane yuro 10 da ya kashe, ban da haraji. A ibis rabin haka ake bayarwa. Ranar biya kuwa, maki 2,000 suna tsayawa a matsayin yuro 40, wato sefa 26,000 da ƴan kai. Ke nan sai mutum ya kashe yuro 800, kusan sefa 525,000, kafin a mayar masa da wannan jaka 26. A lissafinmu na kasuwa, dala guda ce cikin dala ashirin. To, a ce ɗakin alfarmar da ake sha'awa yuro 400 ne a dare. Yana bukatar maki 20,000, su kuwa ba su taruwa sai an kashe yuro 8,000, fiye da sefa miliyan 5. Wanda ya kwana 10, ko 30, ko 60 a shekara yana hawa matsayi, gyararsa ta ɗan ƙaru, amma har yanzu gyara ce.

Mai karatu zai tambaya, to ni ina na sami miliyoyin da na tara nawa makin? Ban same su ba. Shekara uku ma'aikatarmu tana aika ni taro da horo a Dakar, Abijan da Lome, ita ke biyan ɗaki, ni kuwa ina miƙa lambata a rubuta mini maki. Ban taɓa ganin wani abin dubawa a ciki ba, sai ranar da na je yi wa mahaifina sallama, ina ba shi labari da fara'a. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, “Kuɗin ɗakunan da suka haifi makin nan, daga aljihun wa suka fito?” Na ce, “Allah gafarta Malam, na ma'aikata ne.” Ya ce, “Sun san kana tarawa?” Na yi shiru. Ya ƙara da cewa, “Ka taɓa barin masauki mai araha ka sauka a mai tsada saboda makin?” Nan gumi ya karyo mini, domin na yi hakan sau biyu a Abijan, ina gaya wa kaina cewa ai ban wuce iyakar da aka yanka mana ba. Malam bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi kawai, wanda aka ba kuɗin aike, canji ba nasa ba ne sai mai aiken ya bar masa.

Washegari na rubuta wa shugabana takarda. Amsar da aka ba ni ita ce maki na matafiyi ne, da sharaɗin kada ya sa su zaɓa masa masauki. Bambancin kuɗin waɗancan kwanaki na Abijan na mayar wa akanta daga albashina. Na faɗi wannan ne domin na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi ma'aikata ne da ake aikawa, kuma dokar kowace ma'aikata daban take. A tambaya, a samu amsa a rubuce, kafin a kai iyali su kwana a kan abin da ba a tabbatar da halaccinsa ba.

Kwana biyar muka yi a Santambul. Biyu na farko a babban otel mai kallon mashigin Bosfor, inda jiragen ruwa ke wucewa tsakanin ɓangaren Turai da na Asiya. Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Uwargida, wadda shekara takwas tana ɗawainiyar gida ba ta taɓa hutun da ba ta ɗora tukunya ba, ta zauna bakin taga tun daga asuba har hantsi, ta ce a bar ta haka. Wannan kaɗai ya isa in ce makin bai tafi a banza ba. Sai dai makin ɗaki kawai ya biya. Da na tambayi kuɗin karin kumallo na mutum biyu, na tarar ya kusa kuɗin kwana guda a ƙaramin masauki, sai muka fita titi muka sayi shayi da simit, wani burodi mai kama da zobe da aka barbaɗe da riɗi. Wankin kaya, ruwan da ke cikin firij, motar da za ta kai mu tsohon gari, kowanne da farashinsa na masu hannu da shuni. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sauran kwana uku mun yi su ne a Laleli, unguwar da ƴan kasuwarmu suka sani, a ƙaramin otel mai tsabta da muka biya da kuɗinmu, da karin kumallo a ciki. Jirgin ƙasa na cikin gari yana bi ta bakin unguwar, ya tsaya a babbar kasuwa mai rufi, ya tsaya a Sultanahmet, ya gangara Eminonu inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Uskudar. Da ƙafa muka hau zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda aka kammala a 1557, muka yi sallar la'asar. Idan na tuna tafiyar yau, tagar babban otel tana cikin abin da nake tunawa, amma garin kansa daga Laleli muka gan shi. Kuɗin jirgi, biza, abinci da tsaraba kuwa, babu makin da ya taɓa su.

Akwai abu biyu da nake so ƙanena da ire-irensa su sani. Na farko, maki kuɗi ne da kamfani ke bugawa, shi ke yanka masa daraja, shi ke rage ta ran da ya ga dama. Hilton ya daina fitar da tsayayyen jadawalin farashin ɗaki da maki a 2017, Marriott ya bi sahu a 2022. Tun daga nan yawan makin da za a nema a dare yana hawa da sauka tare da cikar otel. Iyayenmu ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Mai ajiye maki shekara da shekaru yana zaune cikin irin wannan haɗari, kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Ban da haka maki yana mutuwa. A Accor, idan shekara ta zagayo mutum bai yi wata kwana da ake lissafawa ba, sai a share. A Marriott da Hilton wata 24 ne na rashin motsi. Kuma wanda ya kama ɗaki ta shafukan dillalai na intanet galibi ba a rubuta masa komai.

Na biyu, hotuna da bidiyon da muke gani a waya, na mutanen da ke kwana a fadoji ba su biya ba, mafi yawansu Amurkawa ne, kuma makinsu daga katin bashi na banki yake fitowa. Bankin yana ba su dubban maki a matsayin tarko, yana jiran ranar da za su kasa biya a kan lokaci. A 2023 matsakaicin ruwan da ake ɗorawa a kan irin wannan kati a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Mu nan ba mu cika samun waɗannan katuna ba, amma ƴan'uwanmu mazauna Turai da Amurka ana tallata musu su kullum. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta hana mu'amala da katin bashi mai sharaɗin ruwa, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Daren alfarma bai kai a sa hannu a kan riba dominsa ba.

Ban ce a guji makin ba. Wanda tafiya ta zama masa dole, kuma otel ɗin da ya dace da aljihunsa da aikinsa yana ba da maki, ya yi rajista, ya kama ɗaki kai tsaye wurin otel, ya karɓi gyararsa. Ya tsaya ga kamfani guda domin kada makin ya warwatse. Ranar kashewa ya raba kuɗin ɗakin da yawan makin da ake nema, ya gwada kwanaki daban-daban, domin a kamfanonin da farashinsu ke motsi dare guda yana iya ninka wani. Idan makinsa ya kai, ya tuna Marriott yana yafe dare guda cikin biyar da aka biya da maki, Hilton ma haka ga wanda ya hau matsayi. Ya tambayi abin da ke cikin ɗakin da abin da ba ya ciki tun kafin ya ɗaure jaka. Ya kuma ware kuɗin sauran tafiyar daga abin da ya ragu bayan cefane, kuɗin makaranta da haƙƙin iyaye.

Ƙanena kuwa mun zauna da alƙalami. A Dubai yana sauka a unguwar Deira, kusa da masu sayar masa da kaya. Da ya koma otel mai maki, ƙarin da zai biya a kowane dare ya ninka gyarar da za a ba shi sau da yawa, ga kuɗin mota zuwa kasuwa safe da yamma. Ya dubi takardar, ya yi dariya, ya ce, “Yaya, ashe buhu zan saya don gyara.” Har yanzu yana Deira, kuma ya yi wa matarsa alkawarin Umra daga ribar shekara.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.