Kada a sake cire tseren tagwayen jirage daga Olamfik

A watan Nuwamban 2007, hukumar tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska ta duniya ta yi taro a Estoril da ke ƙasar Fotugal. Kwamitin Olamfik ya rage mata gasanni daga 11 zuwa 10 a wasannin Landan na 2012, dole ta jefar da guda. Ƙuri'a ta faɗa kan jirgin Tornado, wanda ake tsere da shi tun wasannin Montreal na 1976.

Tornado tagwayen jirgi ne: siraran kwale-kwale biyu da aka haɗa da gada a tsakani, aka kafa musu ƙyallen kama iska. Faɗinsa ke ba shi damar ɗaukar babban ƙyalle ba tare da ya kife da sauri ba, sirantar jikinsa kuma ke sa ya yanka ruwa. Shi ne mafi gudu a jiragen Olamfik na zamaninsa. Duk da haka aka yi gasar Landan babu shi.

Matuƙa da maƙeran jirage sun yi ta ƙorafi har hukumar ta sauya shawara. A Rio, a 2016, tagwayen jirgi ya dawo da sabon samfuri mai suna Nacra 17, namiji ɗaya da mace ɗaya a ciki. Santiago Lange na Ajantina, mai shekara 54, wanda aka yanke wa wani sashe na huhu saboda cutar daji, shi da Cecilia Carranza suka ci zinare. Ruggero Tita da Caterina Banti na Italiya suka lashe na Tokyo da na Paris a jere.

Wannan jarida na ganin ya kamata gasar ta zauna daram. An ƙayyade yawan 'yan wasan Olamfik a kan 10,500, sababbin wasanni kuma na ta neman gurbi, don haka duk bayan shekara huɗu sai wuƙa ta kusanci wuyan wani wasa. Kokawa ma ta ɗanɗana: a Fabrairun 2013 shugabannin kwamitin suka ba da shawarar cire ta, sai a Satumba aka dawo da ita. Abin da ake gudu a fili yake. Gwamnatoci da yawa wasannin da ke cikin Olamfik kaɗai suke ba kuɗi. Da zarar an cire wasa, masu horarwa su watse, matasa su koma wani fagen, maƙera su daina ƙira.

Masu suka na da hujja. Nacra 17 na da tsada ƙwarai, musamman tun da aka ƙara masa fikafikan da ke ɗaga shi sama da ruwa, kuma ƙasashen Turai da 'yan tsirarun masu hali ne ke raba lambobin. Amma maganin tsada shi ne a samar da samfuri mai araha ga matasa, a ba ƙasashen Afirka aron jirage da masu horarwa. Cire gasar ba zai ƙara wa talaka gurbi ko guda ba.

Mai karatu a Tambuwal ko Kebbe zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda babu teku a Jihar Sakkwato. Sai dai ya duba Argungu. Bikin kamun kifi da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya ƙunshi wasannin Kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Bayan na 2009 bikin ya tsaya cik har sai 2020, ko da yake UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Yaron Sarkawa da aka haifa a farkon wannan hutu ya kai shekara goma bai taɓa ganin taron Matan Fada ba. Haka wasa ke mutuwa, a Turai ko a Kabi.

Akwai kuma batun rai. A Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. A Mayun 2021 wani jirgin ya nutse da ɗimbin fasinjoji kusa da Warra a Jihar Kebbi. Lodin da ya wuce kima, tsofaffin jirage da rashin rigar kariya ne ake ambata duk lokacin da hakan ta faru. Tsere mai ƙa'ida na koyar da akasin haka: a duba jirgi kafin ya shiga ruwa, kowa ya sa riga, masu ceto su tsaya a shirye. Ƙirar tagwayen jirgi ita ma abar gwadawa ce a mashigun fito, domin jirgi mai faɗi ya fi wuyar kifewa, in dai ba a yi masa lodin hauka ba.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wasannin ruwa. Jonathan Akinyemi ya wakilce ta a tseren kwale-kwale a Landan, Ayomide Bello kuma ta je Tokyo da Paris. Babu dalilin da zai hana 'ya'yan masuntan gulbin Zamfara bin sahu.

Saboda haka, hukumar tseren kwale-kwale da jiragen ruwa ta ƙasa ta mara wa tagwayen jirgi baya a duk inda ake tattauna makomarsa, ta kuma nemi a rage tsadarsa. Gwamnatin Sakkwato, tare da ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da sarakunan ruwa, ta sanya tseren kwale-kwale cikin wasannin jiha na shekara-shekara, da kasafin kuɗinsa a rubuce. Hukumar NIWA ta kawo rigunan kariya da masu koyar da ceto, a fara da mashigun da suka fi cunkoso ranar kasuwa, tun kafin ruwan damina mai zuwa ya cika gulbi.