Haƙƙin Wa Ake Yafewa a Hanyar Mararaba?

Duk wanda ke kwana a Nyanya, Mararaba, Ado ko Masaka, yana neman abincinsa a cikin Abuja, ya san hanyar Keffi tana cin mutane. Da wuya a rufe mako ba a ji mota ta kwashi mai tsallaka titi ba, ko tifa ta take ɗan acaɓa da fasinjansa. Kuma maganar da ke biyo baya kullum guda ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwanansa ne ya ƙare, a yi haƙuri a bar wa Allah. Idan wani cikin dangi ya ɗaga kai ya tambayi wanda zai biya kuɗin asibiti, ko ya ambaci diyya, sai a bi shi da kallo kamar ya yi saɓo, a ce yana neman cin kuɗin jini. Wannan ra'ayi, duk da rigar tawakkali da aka sa masa, zalunci ne a kan raunana, kuma yana cikin abubuwan da suka sa titin bai daina kisa ba.

A fara da titin kansa, domin mutane ne suka mai da shi yadda yake. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a 1991, kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin masinja da malamin makaranta da mai shayi. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan birnin, ya ƙara tura jama'a waje, haka ma hana acaɓa a tsakiyar birnin a 2006. Ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum dubu 200 da ɗoriya, ta cika ta batse. Ƙauyukan da a da ake wuce su a guje sun haɗe sun zama gari guda mai tsawo, amma titin da ya ratsa su yana nan a matsayin babbar hanyar da ke kai wa Akwanga, Lafiya, Makurɗi da Jos. Tirelar siminti da tankar mai suna bin hanya ɗaya da yaro mai tallan ruwan leda da tsohuwar da ta sayo kayan miya a kasuwar lemo. Gadojin masu tafiya a ƙasa 'yan kaɗan ne, kuma nesa da juna. Mai gidan da ke wannan tsallaken, makarantar 'ya'yansa tana wancan tsallaken. Da asuba, kafin gari ya waye, dubban mutane na tsaye a bakin kwalta suna rububin mota, da yamma kuma a sake. Idan cunkoso ya kama, mai gaggawa sai ya bi hannun da ba nasa ba, ya ci karo da wanda bai taɓa tsammanin mota daga nan ba.

Ga kuma gangaren Kugbo. Duk direban da ya saba hanyar ya san babbar mota mai nauyi, in birkinta ba lafiyayye ba ne, ba ta tsayawa a wannan gangare. Ranar 19 ga Maris 2025, ana cikin azumi, da yamma mutane na hanzarin komawa gida, wata babbar mota ta ƙwace a gadar Karu ta afka cikin motocin da cunkoso ya tsayar. Wuta ta tashi, motoci sama da goma suka ƙone, mutane suka mutu a ciki. An yi salati, an yi jaje, an ce ƙaddara. Na yarda babu abin da ke faruwa ba da sanin Allah ba. Amma birki ba ya lalacewa rana ɗaya. Akwai makanikin da ya duba ko bai duba ba, akwai mai motar da ya saki kuɗin gyara ko ya hana, akwai wanda ya bar manyan motoci su sauko gangaren a daidai lokacin tashi daga aiki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ce mutum 5,421 suka mutu a titunan Najeriya a 2024, kuma waɗannan su ne waɗanda aka rubuta kawai. Shekara da shekaru rahotanninta suna sa gudun wuce ƙima a kan gaba cikin musabbabai. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a gudun 50 fiye da sau huɗu. Tsakanin 50 da 65 ƙafar direba ce, shi ya zaɓi ya taka.

Yanzu a dubi yadda ake rufe maganar. Magidanci mai tura baro ko mai gadi ya mutu a titi, an kai shi makwanci. Ranar uku, ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, sai ga mota ta tsaya. Shugaban tasha ne da dattawa biyu, da liman da suka roƙa ya raka su, direban na bayansu kansa a sunkuye. An sauke buhun shinkafa da galan ɗin mai, an tura ambulan ƙarƙashin tabarma. Liman ya yi nasiha a kan falalar yafiya. Ido ya koma kan yayan mamaci, wanda ya zo daga gida jiya zai koma gobe. Mutum ɗari na kallonsa, me zai ce? Sai ya ce, mu mun yafe duniya da lahira, Allah ya kiyaye gaba. A shafa fatiha. Daga nan a wuce ofishin 'yan sanda a ce an sasanta, a saki mota. Matar mamacin tana cikin ɗaki tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. 'Ya'yansa huɗu suna wasa a tsakar gida, babbansu bai kai shekara goma ba. Kafin arba'in shinkafa ta ƙare, mai gida ya aiko neman kuɗin haya, kuma an cire yaran daga makaranta.

Wa ya ba yayan nan ikon yafewa? Masu kare wannan al'ada da sunan addini suke kare ta, to a koma ga addinin. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, wato kisan da ba a yi niyya ba, irin wanda muke kira tsautsayi. Ubangijin da ya ƙaddara mutuwar shi ne ya wajabta diyya a miƙa wa iyalan mamaci, ya kuma ɗora wa wanda ya yi kisan kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Da ƙaddara tana goge haƙƙi, da ba a shar'anta wannan ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Yola, ya ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta idan ta take wani abu. Malamanmu sun san wannan babi, sun san diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, wato ninki hamsin na nisabin zakka, ɗaruruwan miliyoyin naira a kuɗin yau. Sun san ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya ne, haƙori ma yana da nasa. Gaskiya ne ayar ta buɗe ƙofar yafiya, amma ga masu haƙƙin ta buɗe ta. Diyya cikin gado take shiga, ana raba ta kamar yadda ake raba gado. Inda mamaci ya bar ɗa namiji, yayansa ba shi da ko sisi a ciki, to me ya yafe? Matar tana da tumuninta, ita ce za ta yafe shi in ta so. Rabon marayu kuwa ko waliyyinsu ba shi da damar kyautar da shi don a yabe shi a gaban jama'a. Ina roƙon limaman da ake ɗauka rakiya su faɗi wannan ɓangaren ma a kan tabarma, kamar yadda suke faɗin falalar yafiya.

Wanda bai mutu ba, sau da yawa halinsa ya fi tsanani. Karayar cinya tana bukatar tiyata da ƙarfe da watanni a kwance, mai sana'ar hannu kuwa ranar da bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya. Direba ya biya kuɗin kati da ɗinki da ledar ruwa biyu, ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, an rubuta takarda an sa hannu tun mara lafiya bai san inda kansa yake ba. Bayan kwana biyu sai a gane jini na zuba a ciki, ko bugun da ya samu a kai ya fara taɓa masa magana. Da kuɗi suka gagara sai a sallame shi a kai wa mai ɗori. Akwai masu ɗorin da suka san aikinsu a karaya mai sauƙi, amma likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa da ƙafafun da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudu, naman ya mutu, aka dawo da su asibiti sai yankewa. Rashin mai biyan kuɗin ne ya kai shi can.

Za a ce da ni, direban ma talaka ne, motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa kullum, ina zai samo miliyoyi? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi suke da ita, kuma shari'a ta riga ta amsa ta. Diyyar kuskure ba a kan mutum ɗaya ake ɗora ta ba, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya a cikin shekara uku. A garin da kowa baƙo ne kamar Mararaba, inda dangi suka watsu, abin da ya fi kusa da wannan tsari shi ne inshorar mota. Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota a ƙasar nan inshorar da ke biyan wanda ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ban da rauni da mutuwa waɗanda su ma tana ɗauke da su. Tun 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda ke tare motoci suna neman takardar. Mafi yawanmu mun ɗauke ta takardar wuce shinge, muna saye a hannun 'yan kamasho a bakin ofishin lasin, da yawa ma ta bogi ce. Wanda ya ce yana ƙyamar inshora saboda riba da garari, ga kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor da Salam, waɗanda aka gina a kan taimakekeniya. To idan motar tana da takarda ta gaske, iyalin da suka ce sun yafe ba direba suka sauƙaƙa wa ba. Kamfanin da ya karɓi kuɗi don irin wannan rana suka bar wa haƙƙin marayunsu.

Na san kamfanonin nan suna jan ƙafa, na san kotu tana cin lokaci da kuɗi, na kuma san akwai masu mai da ƙaramin ƙujewa hanyar tatsar direba. Akwai kuma direban da ba shi da laifi ko kaɗan, yana tafiya bisa ƙa'ida aka faɗo masa, wannan bincike ne zai wanke shi, shi ya sa ake bukatar binciken. Amma a lura da abin da rashin hanyar neman haƙƙi yake haifarwa. Jama'ar da suka san ba za a biya kowa komai ba su ne ke rufe direba da duka a take, su cinna wa mota wuta. Direban da ya san haka shi ne ke buge mutum ya ƙara mai, ya bar shi yana zubar da jini a kwalta. Mai tifar da ya san ran mutum ba zai ci masa fiye da buhun shinkafa ba, don me zai sayi sabuwar taya, don me zai hana direbansa yin sawu biyar a rana? Yafiyar dole ta sa rai ya yi araha, gyaran birki ya fi shi tsada.

Abin da nake nema a wurin iyalan da abin ya shafa ba mai yawa ba ne. A kira 122, lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra. A ɗauki lambar mota da hoton wurin da lambar wayar shaidu kafin a watse. A kai mai rauni asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma a sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. A karɓi rahoton 'yan sanda da na likita, a adana kowane rasit. A duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID a ga ko takardarta ta gaske ce. Idan motar gwamnati ce kada a yi sanya, domin dokar da ke kare jami'an gwamnati kan taƙaita lokacin kai ƙara zuwa wata uku. Kada a sa hannu a takardar sulhu sai likita ya faɗi iyakar raunin. Bayan duk wannan, idan balagaggen mai haƙƙi, wanda ya san adadin abin da yake bi, ya zaɓi ya yafe rabonsa don Allah ba don kunyar taro ba, Allah ya ba shi lada. Rabon yaran kuwa a karɓa a rubuta, a damƙa wa amintacce a gaban shaidu, a biya musu haya da makaranta da shi.